Gidan Ƙasa Sai da Yaɓe: Tarihin LiveJournal da Dreamwidth

A wannan makon na ɗan jingine ci gaban labarinmu, ku yi mini afuwa, domin akwai wani tarihi da ya tsaya mini a rai tun watan jiya, na kuma lura idan ban amayar da shi ba alƙalamin ba zai yi gudu ba. Tarihi ne na wata manhajar rubuta dayari a intanet, da mutanen da suka ƙirƙire ta, da waɗanda suka sayar da ita, da kuma waɗanda suka ɗauke ta suka ci gaba da renonta har yau. Abin a Amurka ya faru, daga baya ya gangara Rasha, amma duk wanda ya taɓa rubuta wani abu yana fatan ya rayu bayansa, to labarin nan ya shafe shi.

Ni dai tun ina aji uku na sakandare nake rubuta dayari, a irin littafin rubutun nan na 'yan makaranta. Har yanzu suna nan jibge cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona, ban da guda biyu da gara ta cinye. Littafina na uku kuwa, wanda na shafe wata takwas ina rubutawa, na kai shi wani shagon buga rubutu da kwamfuta. Ana gab da gamawa kwamfutar ta lalace, da na nemi rubutun hannuna aka ce an yi ta nema ba a gani ba, mai shagon ya tafa hannu ya ce ƙaddara ce. Na koma gida na yi kuka har idanuna suka kumbura. Tun daga ranar nake da wata tambaya da ba ta barina: idan na miƙa rubutuna ga na'ura, a hannun wa yake? To kwanaki ɗan yayana da ke karatun kwamfuta a jami'a ya zo hutu, na yi masa wannan tambaya, sai ya ce, "Gwaggo, bari in ba ki labarin wasu mutane da suka yi irin tambayarki, suka kuma nemo wa kansu amsa." Daga nan ne na shiga bin diddigi, yana karanto mini wasu abubuwa yana fassarawa, wasu ina lallaɓawa da kaina.

A shekarar 1999 wani matashi Ba'amurke mai suna Brad Fitzpatrick, haifaffen 1980, wato kusan sa'ana, yana ɗalibi a Jami'ar Washington da ke birnin Seattle. Ya baro abokansa na sakandare a jihar Oregon, yana son su riƙa sanin halin da yake ciki ba tare da ya bi kowa da wasiƙa ba. Sai ya zauna ya rubuta wata 'yar manhaja da yaren kwamfuta da ake kira Perl, wadda mutum zai rubuta abin da ya same shi a yini, ta ajiye masa da kwanan wata da lokaci, abokansa su shigo su karanta. A watan Afrilu na wannan shekarar ya sa mata suna LiveJournal, ma'ana dayari mai rai. Abin da ya bambanta ta da littafin da ke akwatina shi ne, a kan kowane rubutu kai ke zaɓar wanda zai gani: ko duniya baki ɗaya, ko aminanka kaɗai, ko kai ɗaya tilo. Har alamar yanayin zuciya akwai, da wurin rubuta waƙar da kake saurare a lokacin. Tambarin gidan kuma wani bunsuru ne da suka raɗa wa suna Frank.

Abu kamar wasa, ƙaramar magana ta zama babba. Abokai suka gayyato abokai, jama'a suka yi ta kwarara har na'urorin da ke ɗauke da gidan, waɗanda masana ke kira uwar garke, suka fara nishi. Daga 2001 zuwa ƙarshen 2003 sai da aka sa ƙa'ida cewa ba mai buɗe asusu kyauta sai wanda wani na ciki ya ba shi lambar gayyata. Brad ya kafa ɗan ƙaramin kamfani mai suna Danga Interactive, mafi yawan aikin amsa koke-koken jama'a kuma 'yan sa kai ne ke yi, ba ko sisi.

A nan ne zan ɗan tsaya in yi bayanin wani abu da shi ne ƙashin bayan labarin. Kowace manhaja tana da asalin rubutunta, wato jerin umarnin da mai ƙirƙira ya rubuta wa kwamfuta. Yawancin kamfanoni ɓoye wannan rubutu suke yi, kamar yadda mai kilishi ke ɓoye sirrin haɗin yajinsa. Amma tun 1983 wani masani mai suna Richard Stallman ya fara fafutukar a riƙa sakin asalin rubutun ga kowa, a 1989 kuma ya fitar da wani lasisi da ake kira GPL. Sharaɗinsa shi ne, kowa na da damar ya karanta, ya gyara, ya kwafa, ya raba, amma idan ya raba abin da ya gyara dole ya bar shi a buɗe yadda ya same shi. Brad ya saki mafi yawan rubutun LiveJournal a ƙarƙashin wannan lasisi. Ma'ana, zanen gidan ya zama na kowa, duk mai ƙarfi yana iya zuwa ya gina irinsa a filinsa. Aka kuwa gina, irin su DeadJournal da InsaneJournal da GreatestJournal.

Wahalar riƙon gidan ita ta haifi abubuwan da duniya ke mora har gobe. Da rumbun adana bayanai ya gaza amsa tambayoyin miliyoyin mutane a lokaci guda, a 2003 Brad ya ƙirƙiro wata dabara mai suna memcached, wadda ke riƙe abubuwan da aka fi yawan nema a kusa, kamar yadda mai shago ke ajiye sukari da madara a kan kanta maimakon ya riƙa shiga sito kowane minti. Wani ma'aikacinsa, Anatoly Vorobey, ya sake rubuta ta da yaren C domin ta ƙara sauri. Ita ma a buɗe aka sake ta, daga baya manyan gidaje irin su Facebook da Wikipedia da YouTube suka ɗauka suka yi aiki da ita. A 2005 kuma ya fito da OpenID, hanyar shiga gidaje da yawa da shaida guda. Ka ga ke nan mai karatu, wanda bai taɓa jin sunan LiveJournal ba ma ya sha romonta.

Sai dai riƙon gida irin wannan ba hutu. A watan Janairun 2005 wutar cibiyar da na'urorinsu suke ta ɗauke gaba ɗaya, saboda wani ya danna maɓallin kashe wuta na gaggawa, gidan ya yi sama da yini guda a rufe, ma'aikata suka kwana suna tayar da rumbuna ɗaya bayan ɗaya. A cikin wannan watan ne Brad, wanda ya gaji da harkar kuɗi da shugabanci alhali shi rubutun manhaja yake so, ya sayar da kamfaninsa ga Six Apart na birnin San Francisco. A lokacin asusun da ke gidan sun haura miliyan 5.

Daga nan ne iska ta fara sauyawa. A da an yi wa jama'a alkawarin ba za a liƙa musu talla ba, amma a 2006 talla ta shigo. A watan Mayun 2007 kuma aka yi abin da mazauna gidan ba su manta ba. Wasu masu fafutuka suka kai ƙorafi cewa akwai miyagun da ke fakewa a gidan suna cutar da yara, abin da kowane mai hankali zai so a magance. To amma maimakon a bincika ɗaya bayan ɗaya, sai aka yi kuɗin goro, aka dakatar da asusu kusan 500 a dare ɗaya bisa wasu kalmomi da aka gani a jerin abubuwan da suka rubuta. Cikin waɗanda abin ya rutsa da su har da zaurukan masu nazarin adabi, da marubuta ƙagaggun labarai, da ma mutanen da aka taɓa cin zarafinsu suka haɗu suna rarrashin juna. Shugaban kamfanin ya fito ya nemi afuwa, aka mayar da da yawa daga ciki, amma an riga an yi ɓarin da ba ya kwasuwa. Marubuta suka gane cewa haya suke zaune, mai gida kuma yana iya watso musu kaya waje ba sallama. Ni da na san zafin rasa rubutun wata takwas, da na zo nan a labarin sai da gabana ya faɗi.

A shekarar ce Brad ya bar Six Apart ya koma Google. A watan Disambar 2007 kuma aka sake sayar da LiveJournal ga wani kamfanin Rasha mai suna SUP. Dalili kuwa, a Rasha gidan ya yi farin jinin da bai yi a ko'ina ba, 'yan jarida da marubuta da 'yan siyasa duk a nan suke baje kolinsu, har ɗan adawar nan Alexei Navalny a nan ya yi suna da tone-tonen cin hanci, shugaban ƙasar na lokacin Dmitry Medvedev ma ya buɗe nasa a 2009. A watan Maris na 2008 sababbin masu gidan suka hana buɗe sabon asusun kyauta marar talla, a Janairun 2009 kuma suka sallami ma'aikata da dama a ofishin San Francisco.

To a nan ne lasisin nan ya yi ranarsa. Wasu tsofaffin ma'aikatan LiveJournal su biyu, Denise Paolucci wadda ta daɗe tana kula da sashen koke-koke, da Mark Smith mai rubuta manhaja, suka ce tun da zanen gidan na kowa ne, bari su ɗauka su gina nasu bisa tsarin da suke ganin ya dace. A watan Yunin 2008 suka sanar da aniyarsu, ranar 30 ga Afrilun 2009 kuma suka buɗe ƙofa ga jama'a da sunan Dreamwidth. Suka yi alkawarin ba talla, ba kuma kuɗin manyan masu zuba jari da za su zo daga baya su ce a juya akala. Gidan zai rayu ne da kuɗin waɗanda suka ga dama suka biya domin ƙarin wasu abubuwa, su ne ke ɗauke da nauyin masu zaman kyauta. A farkon buɗewa sun sayar da wasu asusu na dindindin a kan dala 200 kowane, da shi suka samu jarin tashi.

Ba kwafa kawai suka yi suka zauna ba. A tsohon gida kalma ɗaya ce, aboki, take nufin wanda kake karantawa da kuma wanda ka yarda ya ga sirrinka. Su kuwa suka raba abin biyu: kana iya bin rubutun mutum ba tare da ka buɗe masa ɗakinka ba, wanda duk macen da ta zauna gidan yawa ta san hikimar haka. Suka kuma ƙera hanyar da mutum zai kwaso duk rubutunsa na shekaru daga LiveJournal, har da martanin da aka yi masa, ya sauke a sabon gida. Suka ba da muhimmanci ga makafi da masu raunin gani da ke amfani da na'urar karanto rubutu. Alkawarinsu kuma ya sha gwaji da wuri, domin a 2010 kamfanin PayPal da ke karɓar musu kuɗi ya nemi su cire wasu rubuce-rubucen da ba su saɓa wa doka ba, suka ƙi, suka haƙura da shi suka nemi wata hanyar karɓar kuɗi duk da asarar da hakan ya jawo musu.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka samu ma'aikata. Maimakon su jira ƙwararru, sai suka juya ga mazauna gidan, marubuta da masu karatu irina da irinku, suka ce duk mai sha'awa ya zo a koya masa. Suka tanadi wani fili na gwaji da suke kira Dreamhack, inda sabon shiga zai yi ta kwaɓa da gyarawa ba tare da ya ɓata ainihin gidan ba. Suka ware ƙananan gyare-gyare masu sauƙi domin 'yan koyo. Idan an tara gyare-gyare kuma, wani ɗan sa kai zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya bayyana da harshen da kowa zai gane, ya ambaci wanda ya yi kowane. Sakamakon haka, a wani babban taron masu buɗaɗɗiyar manhaja da aka yi a 2009, wata mai jawabi, Kirrily Robert, ta nuna cewa kusan kashi 75 cikin 100 na masu rubuta manhajar Dreamwidth mata ne, a lokacin da wani binciken Tarayyar Turai na 2006 ya nuna mata ba su kai kashi 2 cikin 100 ba a wannan fage. Da yawansu ba su taɓa rubuta layi ɗaya na manhaja ba kafin nan. Wannan ya tuna mini da yadda mu ma matan da ke rubutun littattafan Hausa muka fara, ba digiri ba kwalin adabi, wata ta koya wa wata yadda ake kai littafi maɗaba'a da yadda ake ciniki da 'yan kasuwa.

A daidai wannan lokaci wasu marubutan da abin 2007 da makamantansa suka dama, sun kafa ƙungiyarsu, suka gina rumbun ajiye labarai mai suna Archive of Our Own, wanda ya buɗe ga jama'a a Nuwambar 2009, shi ma da buɗaɗɗiyar manhaja da hannun 'yan sa kai. Manufarsu ita ce marubuta su mallaki na'urorin da rubutunsu ke kwana a ciki. A 2019 wannan rumbu ya ci lambar yabo ta Hugo, ɗaya daga cikin manyan lambobin adabin ƙagaggun labaran kimiyya.

Shi kuwa tsohon gida, a 2014 ya daina sakin asalin rubutunsa ga jama'a, aka rufe ƙofar da Brad ya buɗe. Amma abin da aka riga aka saki ba ya komawa, yana hannun waɗanda suka ɗauka. A Disambar 2016 aka kwashe na'urorin LiveJournal daga Amurka zuwa Rasha, a Afrilun 2017 kuma aka fito da sababbin ƙa'idoji da suka ɗora kowane mai asusu a ƙarƙashin dokokin Rasha, masu takura maganar siyasa da wasu batutuwa. Jama'a suka yi ƙaura ayari-ayari, da yawa suka bi ta hanyar kwasar kayan nan da Dreamwidth ta tanada tun shekaru takwas baya, har layin masu jira ya yi tsawo. Shahararren marubucin nan George R. R. Martin, wanda ya daɗe yana rubutu a LiveJournal, shi ma ya tattara ya koma gidan kansa a 2018.

Kada mai karatu ya ɗauka samun zanen gida shi ne ƙarshen magana. GreatestJournal ma da wannan zanen aka gina shi, ya tara jama'a, amma da na'urorinsa suka fara gazawa aka rasa mai tsayawa a kansu, bai kai 2010 ba ya rushe da rubutun mutane a ciki. Bambancinsa da Dreamwidth shi ne aikin yau da gobe, irin wanda ba a yi wa guɗa. Manhajar da aka fara tun 1999 ta tsufa, duniyar da ke kewaye da ita kuma kullum sauyawa take yi. Akwai wani tsohon salon tsara shafuka da Brad ya ƙirƙira da kansa mai suna BML, wanda kusan ba mai amfani da shi a wani wuri, 'yan Dreamwidth sun shafe shekaru suna sauya shafukan ɗaya bayan ɗaya zuwa wani salon da ya fi yaɗuwa, domin na baya su iya gyarawa. A 2012 suka mayar da ma'ajiyar rubutun manhajar zuwa GitHub inda kowa zai gani ya sa hannu. Ga gyaran shafuka domin su zauna daidai a wayar hannu, abin da ba a yi tunaninsa ba a farko. Ga toshe ɓarakar da ɓarayin intanet ke nema, ga korar masu watsa tallar banza, ga sauya yadda ake adana kalmomin sirri idan tsohuwar hanya ta raunana. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san wannan. Ba ranar da aka gama gini ake sanin gida ba, sai an ga wanda zai hau soro kafin damina ya yi yaɓe, ya gyara indararo, ya toshe inda ya tsage. Shekarar da aka ƙi yi, ruwan Agusta ne zai yi hukunci.

Dreamwidth bai zama ƙaton gida ba, ba a jin sunansa a rediyo, waɗanda suka kafa shi ba su shiga jerin attajiran duniya ba. Amma rubutun da wata baiwar Allah ta yi a 2002 game da rasuwar mahaifiyarta, idan ta kwaso shi, yana nan tana iya buɗewa ta karanta, bayan gidan da ta fara rubuta shi ya sauya hannu fiye da sau ɗaya ya kuma sauya ƙasa.

Da ɗan yayan nawa ya gama, sai na tambaye shi, mu fa? Ya ce, "Gwaggo, ke za ki faɗa." Na yi shiru, domin na san amsar. A yau littattafanmu da yawa ba sa ganin maɗaba'a, a waya ake rubuta su, a waya ake karantawa, a gidajen da ba mu san masu su ba, ba mu ga zanensu ba, ba mu da ta cewa ranar da za a sauya ƙa'ida. Na san marubutan da wayarsu ta faɗa ruwa ta tafi da littafi sukutum. Ba ina cewa kowa ya koma ya koyi Perl ba ne, ni kaina ban iya ba, kuma a shekaruna ba na jin zan iya. Abin da na ɗauka dai guda uku ne. Duk inda za ka zuba rubutunka, ka fara tambaya ko akwai ƙofar fita da kayanka. Ka ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, har da takarda idan da hali. Idan kuma ka samu masu yi wa gidan da kake zaune yaɓe, ko da ɗan abin da ya sawwaƙa ne ka taimaka musu, ko da godiya ce, domin su ma mutane ne masu gajiya. 'Ya'yanmu da ke karatun kwamfuta kuwa, zanen nan yana nan a buɗe, ba wanda ya hana su dubawa su koyi yadda ake riƙon gida.

A makon da ya wuce na jawo akwatin ƙarfen nan na zazzage shi, na shanya littattafan a rana, na sa maganin gara, yaron kuma ya ɗauki hoton kowane shafi ya adana mini a wuri biyu. Mun kai littafi na tara, saura goma sha ɗaya. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya. Allah ya sa mu dace, ya kuma albarkaci abin da muke rubutawa.